Kwandon Inna

Dogo mutum ne mai son mahaifiyarsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Kullum da safe sai tsohuwar ta share garken awaki da akurkin kaji, ta haɗa da tokar murhu da ɓawon gyaɗa, ta ɗora kwando a ka, ta kai gonar bayan gida ta zazzage. Tun mijinta na da rai take haka.

A gonar nan suke shuka farar masarar da marigayin ya bar musu, iri mai zaƙi wanda ba a samunsa a kasuwa. Kowace kaka Dogo yakan zaɓi manyan goyo ya rataye a saman murhu domin shukar baɗi. Ya fi ji da irin nan fiye da babur ɗinsa, kuma duk wanda ya san Dogo da babur ya san ba ƙaramar magana aka faɗa ba.

Wata rana wani abokinsa ya tsokane shi. "Kai da girmanka, tsohuwa na dakon kashin awaki kana kallo?"

Maganar ta yi masa zafi. Yana komawa gida ya ɗauke kwandon, ya rataye shi can saman rumfa inda hannunta ba ya kaiwa. Tsawo ya yi masa rana.

"Inna, daga yau kin huta. Takin zamani zan riƙa sawa."

"To ita ƙasar me za ta ci?"

"Takin mana."

"Wannan masara ke cinsa, ɗan nan. Ƙasa cikinta daban, kuma akwai 'yan haya a ciki da ke jiran abinci."

Dogo ya yi dariya har da buga cinya. "'Yan haya, Inna? To yaushe za su biya mu?"

Inna ba mai jan magana ba ce. Ta samu wata tsohuwar roba, ta koma zuba shararta a lungun bayan katanga, kusa da kicin.

Shekarun farko sai hamdala. Masara ta yi kore shar, rumbu ya cika, yaransa suka yi ƙiba. Dogo ya ƙara da feshin ciyawa, in an yi girbi kuma ya cinna wa kara wuta, gona ta fita tas kamar an wanke faranti. Da yamma yakan zauna kusa da Inna yana ɓare mata gasasshiyar masara, ransa fes.

Sai dai takin da ya isa bara ba ya isar bana. Ƙasar ta yi fari, ta yi tauri, fartanya na ƙara in ta sauka.

"Kaji sun daina bin ka gona in kana huɗa," in ji Inna wata safiya.

"Sun ƙoshi ne."

"Ko kuwa babu tanar da za su tsinta."

Sai ga wata damina mai gardama. Shukar farko ta kasa huda ƙasa, Dogo ya kwance sauran irin da ke saman murhu ya sake shukawa. Masara na fara goyo ruwa ya ɗauke. Gonakin maƙwabta masu zuba takin dabbobi suka yi yaushi, amma suka jure. Tasa kuwa kafin a ce kwabo ta bushe ƙayau. Da ruwan ya dawo bai shiga ƙasa ba, wucewa ya yi ta kai ya kwashe ɗan abin da ya rage.

Ranar girbi Dogo ya yi ta ɓare goyo yana samun totuwa babu ƙwaya. Rumbu ya kwana wayam. Babur ya tafi kasuwa domin yara su ci. Duk wannan ya daure, amma da ya ɗaga kai ya ga igiyar saman murhu babu komai a jikinta, sai ya zauna a ƙasa ya yi hawaye. Irin mahaifinsa ya ƙare a hannunsa.

Inna ta dafa kafaɗarsa. "Taso ka gani."

A lungun bayan katanga, inda take zuba shara, wasu 'yan karan masara ne tsaye da manyan goyo. Tsabar farar masarar nan da kaji suka bari ce ta bi shara ta tsiro.

"Sa hannunka a ƙasa."

Ya sa. Baƙa ce, mai sanyi da laushi, tana na motsi tsakanin yatsunsa.

"Ga 'yan hayar nan," in ji ta tana murmushi. "Ka tambaye ni yaushe za su biya. Sun biya."

"Inna, hutu nake so ki yi."

"Na sani, Allah ya yi maka albarka. Da ma a kanka ka ɗora kwandon, ba saman rumfa ba."

Abin da aka samu bai cika ƙwarya ba, amma iri ya tsira. Gonar kuwa sai a hankali, domin ƙasar da aka kashe da yunwa ba ta farfaɗowa a damina guda. Yanzu kullum da safe za ka ga Dogo, ƙafa a ƙasa, kwando a ka, kaji na biye da shi, Inna na zaune a inuwa tana nuna masa inda zai zazzage.

Jama'a, ƙasa abu ce mai rai. Takin buhu shuka yake ciyarwa, ita kuwa ƙasa kashin dabbobi da kara da ganye take ci. Wanda ya bar ta da yunwa, wata rana ita ma za ta bar shi da yunwa.