Jarumin Ajin Madam

Madam ta rufe ƙofar aji da kanta, ta ja labule, sannan ta rubuta darasin makon a allo. Muttaka ya karanta, ya sake karantawa, ya ce a ransa, "Innalillahi, yau kuma mun shiga uku."

Malamin lissafi ne daga Zariya. Tallafin karatu ya kawo shi Doha a 2006, yana kwas ɗin horar da malamai. Madam kuwa Baturiya ce daga Kanada, baƙuwar malama ta zango ɗaya, mai kirki har ya yi mata yawa. Darasin nata kan yadda wasu makarantun ƙasarsu suke saka batun maza masu son maza, da mata masu son mata, da masu sauya jinsi, a cikin kowane fanni ne. A tarihi a ambaci waɗanda suka rayu haka, a adabi a karanta labarinsu. Ko lissafi bai tsira ba, wai in za a ce iyali sun raba lemo, ba dole kullum ya zama uba da uwa ba.

Kowa a ajin ya duƙufa kallon takalminsa.

Da za a tashi sai ta ce, "Na san ƙasar da nake. Amma a ajin nan akwai mutum ɗaya da yake rayuwarsa a fili, ba tsoro. Ranar bankwana zan miƙe in yaba masa a gaban kowa."

Tirƙashi! Muttaka ya tattara littattafansa ya fito. A bakin get Shamsu na jiransa kamar kullum. Shamsu direba ne, amininsa tun suna wasan ƙasa a Tudun Wada, yanzu kuma ɗaki ɗaya suke a unguwar Al Asmakh.

"Yalla, mu tafi, malam, rana na dafa ni," in ji Shamsu, ya miƙa hannu ya gyara masa hular da ta karkace. "Me ya same ka?"

"Bari kawai, mutumina. Akwai magana."

Tun daga ranar Muttaka ya zama ɗan sandan ciki. Ya auna ɗan Masar ɗin ajinsu, ya ga mata biyu gare shi da surutun tsiya. Ya auna ɗan Indiya, ya ga ba abin da ya dame shi sai wasan kurket. Daga ƙarshe idonsa ya tsaya kan Aruna, mutumin Kumasi. Ya haura arba'in ba aure, ga ƙamshin turare, ga iya girki, don shinkafa da waken da ya kawo liyafar tsakiyar zango sai da Muttaka da Shamsu suka sa hannu a faranti ɗaya suka suɗe shi tas a gaban Madam.

Ran Juma'a da yamma suka fita shan iska bakin teku, cikin shaddar da suka ɗinka iri ɗaya da Sallah, ido raɗau da kwalli. Muttaka ya riƙo hannun Shamsu suna tafe suna lilo da shi, yana zayyana masa hujjojinsa.

"Wallahi Aruna ne."

"To ina ruwanka? Halas, ya isa haka, ka bar bawan Allah."

Da farko abin dariya Muttaka ya ɗauke shi. Daga baya tausayin Aruna ya kama shi sosai. Ranar bankwana shugaban makaranta zai zo, wakilan masu ɗaukar nauyinsu za su zo. Madam na ambaton suna, kafil, wato wanda ya tsaya wa mutum a biza, zai ji, a soke biza, a raka mutum filin jirgi. Aruna kuwa shi ke riƙe da tsohuwarsa da ƙannensa. Muttaka bai yarda da abin ba ko kaɗan, amma wannan tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, ba a tona asirin bawa a taro.

Kuma ya san Madam za ta aikata. Matar da ranar farko ta tambaye shi a bainar jama'a ko yana da aure, har sai da ya sunkuyar da kai ya ce a wuce wurin? Wa ke zancen matarsa a gaban mutane?

Ana jibi bankwana ya yi ta maza ya ƙwanƙwasa ofishinta. Ya zauna a bakin kujera.

"Madam, alfarma nake nema. Mutumin nan da kika ce za ki yaba wa, don Allah kada ki kira sunansa. Nan ba Kanada ba ce. Korarsa za a yi, kuma akwai mutane a gida da suka dogara da shi. In labarin ya kai ƙasarsu, tsohuwarsa ba za ta iya ɗaga kai ba."

Madam ta cire tabarau. Idonta ya ciko da ƙwalla.

"Ban yi tunanin haka ba," ta ce. "Ka yafe mini. Na yi alkawari, ba wanda zai ji daga bakina."

Muttaka ya sauke ajiyar zuciya. Alhamdulillahi, Aruna ya tsira, kuma ba zai taɓa sanin wanda ya cece shi ba. Ya miƙe yana jin kansa wani babban mutum.

Madam ta raka shi har ƙofa. Ta leƙa taga, inda Shamsu ya jingina da mota yana ɗago masa hannu, sai ta yi murmushi ta rage murya.

"Ka gaishe mini da shi. Ban taɓa ganin masoyan da suka dace da juna kamar ku biyu ba."