Farin Jirgi Mai Jan Layi

Rufa'i ya sake duba ƙofar rumfar jirage, ya dawo kujerarsa, ya kasa zama. Tasin nan mai launin shuɗi-shuɗi ta sake fakawa a bakin shinge.

Gidan tarihin jiragen na wani attajiri ne, a cikin sahara, can arewa da Doha. Tsofaffin jirage ne jere a rumfa ɗaya, sai ɗan titin sauka a gefe. Masu ƙananan jirage kan sauko, su zaga, su sha gahawa, su tashi. Rufa'i, ɗan Zangon Kumasi a Ghana, shi ne mai gadin rana. Kullum daga unguwar Mansura motar kamfani take ɗauko shi.

Tun lokacin korona ya san mai tasin. A lokacin an rufe gidan, babu mai sauka, babu mai tashi, amma mutumin sai ya zo da takunkumi a fuska, ya tsaya a shinge yana leƙen rumfar ta tsagar ƙofa. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa. Sau ɗaya suka yi magana. Ya ce sunansa Dogara, daga Taraba yake, wani fasinja ne ya nuna masa hotunan wurin.

A cikin wannan rufewar ce wani agogon gaban jirgi ya ɓace. Ba a kama kowa ba, amma an sallami mai gadin da ke bakin aiki, kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya sa shi a jirgin gida. Rufa'i bai manta ba. Yana da mata da 'ya'ya biyu a Kumasi.

Da aka buɗe gidan saboda gasar cin kofin duniya, Dogara ya zama kamar ma'aikaci. Ba ya kallon jiragen yaƙi da kowa ke rububin ɗaukar hoto da su. Kai tsaye yake wucewa lungu, wurin wani farin jirgi mai farfela ɗaya da jan layi a ciki. Allon gabansa ya ce ya yi yawo a Afirka ta Yamma kafin a sayo shi. Dogara ba ya ko kallon kujerar matuƙi. Tagar baya yake leƙawa, ya yi ɗage, ya sauko, ya zaga, ya sake leƙawa.

"Ɗan'uwa, ba a buɗe ƙofar nan ne?" ya tambaya wata rana.

"Ba a tsallaka igiya, Malam."

"Minti kaɗan kawai."

"Khalas, zance ya ƙare. Ba a tsallakawa."

Dogara ya dubi baƙin da ke wucewa, ya ja da baya.

Sannan labari ya fito cewa an ba wani gidan tarihi na ƙasar waje farin jirgin. Za a kwance fukafukansa a saka shi a kwantena bayan wasan Ghana da Koriya. Rufa'i da kansa ya gaya wa Dogara, don ya ga yadda fuskarsa za ta yi. Mutumin ya dafa bango.

Da yammar ranar Rufa'i ya tsinkayi muryar Dogara a bayan banɗaki, yana waya ƙasa-ƙasa. "Ku shirya kawai. Ku cika wayar da caji, ku hau inda ake samun sabis. Zan shiga kafin su tafi da shi, ko me zai faru."

Rufa'i ya so ya kai ƙara wurin manaja. Ya je har bakin ofis, ya juyo. In ya yi kuskure, ya jawo wa bawan Allah kora daga ƙasa. In ya yi shiru, shi za a kora. A motar komawa Mansura, abokan aiki suna ta gardamar ƙwallo, shi kuwa maganar Dogara yake ta juyawa a ransa.

Ranar wasan, bayan la'asar, kowa ya tattaru a ɗakin shan shayi gaban talabijin, har da matuƙa biyu da suka sauko da rana. Ghana ta ci, ɗakin ya ɗauki ihu. Wani ya jawo rigar Rufa'i. "Yalla, zauna mana, ƙasarku ce!"

Ta taga ya hango tasin. Babu kowa a cikinta.

Ya fita da gudu, oba-oba a hannu. Rumfar shiru. Igiyar lungu tana lilo, ƙofar bayan farin jirgin a buɗe. Ya danna oba-oba, ya kira manaja, ya matsa a hankali yana sauraron ƙarar sifana.

Babu sifana. Dogara yana durƙushe a dandaryar jirgin, bayan kujerar matuƙi, inda wasu ƙarafa biyu suka miƙe a ƙasa kamar layin dogo. Ya cire takalmansa ya ajiye a waje. Waya ce kawai a hannunsa, yana juya ta a hankali daga taga zuwa rufi.

A fuskar wayar wata tsohuwa ce, an jingina ta da matashi, wata yarinya tana riƙe da kanta. Ta matso da idanu sosai.

"Inna Ladi, kina gani?" Dogara ya ce. "Shi ne?"

Oba-oba ta yi ƙara, manaja yana tambayar me ya faru. Rufa'i ya dubi hawayen da ke bin gemun mutumin, ya ɗauke yatsansa daga maɓallin.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta yi dariya mai haɗe da tari.

"Shi ne, Dogara. Nan suka ɗaure gadon, likita na cewa in daure mu kai asibitin Yola, kai kuwa ka ƙi jira. A daidai inda ka durƙusa ɗin nan na haife ka."