Kocin da Ba Ya Kallon Ɗan Farinsa

Kai da aka ɗora wa aikin auna mutane, zauna ka ji wannan, don na ga saurinka ya yi yawa. An yi wani koci a wata kwalejin horon malamai, dattijo ne da ya yi furfura a bakin fili da usur a wuya. Cikin 'yan wasan gabansa akwai biyu. Ɗaya ƙato ne mai faɗin ƙirji, ana ce masa Dogo, ƙwallayen da ya zura a raga a shekarar har 'yan kallo sun gaji da ƙirgawa. Ɗayan siriri ne marar hayaniya, shi kuwa ɗan kocin ne na cikinsa, ɗan fari. To, ka san halinmu da ɗan fari. Tun ranar suna bakin mutumin nan bai taɓa furta sunan yaron ba, daga "kai" sai "yaron nan". Ba ƙi ba ne, wallahi, so ne ya yi yawa har ya koma kunya. Da aka zo fili sai kunyar ta haɗu da tsoron kada a ce koci na son kai. Saboda haka duk sanda ƙwallo ta zo tsakiya, abin da ke fita daga bakinsa ɗaya ne, "a ba Dogo, a ba Dogo", su kuwa 'yan tsakiya abin da kunne ya ji shi ƙafa ke bi. In ƙwallo ta ɓalle ta faɗa ƙafar ɗansa, sai dattijon ya sunkuya ya shiga gyaran igiyar takalminsa, ba ya ɗagowa sai ihu ya lafa.

Ana nan sai ga baƙo daga ƙungiyar jiha, ya zo ɗaukar ɗan wasan gaba guda ɗaya tak. Ɗan kocin kuwa shekararsa ta ƙarshe ke nan a kwaleji, in wannan ta wuce shi sai dai ya rataye takalmi. Koci bai ko yi tunani ba ya ce a ɗauki Dogo, ai shi ya fi kowa ci. Baƙon ya yi murmushi ya ce, "Na ji, Malam. Amma wanda aka fi zuba wa tuwo ai dole ya fi yawan loma. Cikin abin da ake ba shi, nawa yake ci, nawa yake ɓararwa? Wancan siririn kuma fa, in an ba shi ƙwallo me yake yi da ita?" Dattijo ya buɗe baki zai ba da amsa. Na Dogo ya sani sarai, ya san yawan ƙwallayen da yake aikawa kan mangwaron da ke bayan raga. Cikin sauran 'yan wasa ma ya san wanda ƙafarsa ta hagu ba ta da amfani, ya san mai tsoron karo. Da ya laluba ransa don ya faɗi wani abu game da ɗansa, bai tarar da komai ba sai igiyar takalmi. Kai, abin ya soke shi. Ashe kunyar da yake ɗauka ladabi ce, ita ke cin haƙƙin yaron duk shekarun nan, yaron kuma bai taɓa cewa uffan ba.

Da la'asar ya zo atisaye da silifas a ƙafa, don kada ya sami abin sunkuyawa. Ya ce wa 'yan tsakiya yau a raba daidai wa daida, in an ba wannan a ba wancan. Ya harɗe hannu, ya tilasta wa idonsa kallo. Dogo ya yi yadda ya saba, wasu a raga, wasu a mangwaro. Siririn nan kuwa ba ya bugun ƙarfi. Yakan tare ƙwallo da ƙirji kamar mai karɓar ƙwai, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ajiye ta a lungun da mai tsaron gida ba ya kaiwa. In hanya ta toshe ba ya ɓararwa, sai ya miƙa wa Dogo a ƙafa, Dogo ya ci, a yi wa Dogo tafi. Nan uban ya gane inda da yawa daga cikin ƙwallayen da ake yabo suke fitowa, idonsa ya ciko, tausayin yaron ya kama shi. Shi kansa Dogo, Allah ya yi masa albarka, da aka busa tashi sai ya nuna wa baƙon abokin nasa da hannu.

Baƙon ya juyo ya tambayi koci sunan siririn ɗan wasan nan. Duk wanda ke filin ya san sunan, amma ba wanda ya yi gigin amsawa. Dattijo ya dubi silifas ɗinsa, sannan ya ɗago ya ce, "Nafi'u." Sai ya sake faɗa da ƙarfi. Yaron yana can gefe yana shan ruwa. Tunda yake bai taɓa jin sunan nan daga wannan bakin ba. Ya ajiye gorar, ya durƙusa a inda yake, ya ce, "Na'am, Baba."

Don haka kafin ka ce wane ya fi wane, duba ko ka ba su daidai, ka kuma duba wanda idonka ke kaucewa. Hausawa sun riga sun faɗa: sai an gwada akan san na ƙwarai.