Abin da Jan Biro Ya Ci

"Karanta mana, ɗan nan, ina jin ka," in ji Goggo, tana matse rigar da take wankewa.

Ya buɗe littafin. Labarin rayuwarta ne, ta faɗa da bakinta, ya naɗa a waya. Da shi kamfanin buga littattafai ya gwada shi, da shi kuma ya samu aikin edita. Har shugabarsu ta ce gyaransa ya fita tsaf.

Shi kaɗai ya san abin da jan biro ya ci. Ya cire ashar ɗinta kaf. Ya cire ranar da ta jefa rediyon mijinta a rijiya, don ya fi sauraron rediyon a kanta. Abin da ya rage, wata mai wankau ce mai haƙuri, wadda ta raini marayan ɗan ƙaninta ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Yana cikin karatu Goggo ta saki wankin. Can ya ga hawaye na bin kumatunta. Ya dakata da karatun. A ransa ya ce, ta gane ke nan.

"Goggo, ki yafe min, ni..."

"In yafe me? Allah sarki, baiwar Allah!" Ta share ido da haɓar zaninta. "Wannan haƙuri ai ya zama sakarci. Da maƙwabciyata ce, wallahi da na nuna mata hanyar rijiya."

Ta ture bokitin gefe, ta gyara zama.

"To, yanzu karanto min nawa."