Gwajin Kakata

Bayan an sa mini ƙananan bututu a kunne don in riƙa ji sosai, likita ya ce a mayar da ni ya gwada jina. Kakata ta ce wa Baba wahala ce kawai, ita ma ta iya gwaji.

Da la'asar ta zaunar da ni a tsakar gidanmu na unguwar Briketeri, ta koma bayana, ta raɗa, "Wa zai ci tsire?"

Na daka tsalle. "Ni!"

Ta yi dariya har da hawaye. Shekara biyu sai da ihu take kirana.

Baba ya ce, "Inna, asibitin fa gobe ne."

Ta ce, "Ni zan kai ta, in koya wa likitan."

Har yau, ƙamshin tsire yana dawo mini da raɗarta.