Sautun Teku

Tun da aka kafa dokar tafiya bakwai, kowa yana da ɗigo bakwai masu haske a wuyan hannunsa. Duk ƙasar da jirgi ya kai ka ya dawo da kai, ɗaya ya mutu ke nan. Hajiya Kubura, marubuciyar labarai, saura ɗaya gare ta, kuma jibi za ta kashe shi a tsibirin Zanzibar.

Shi ya sa marubuta suka cika mata tsakar gida da sautu. Wannan yana son warin kasuwar kifi saboda babinsa na tara, waccan tana son jin yadda matan can suke wa mazansu faɗa. Kubura tana ta rubutawa.

Sai ga Malam Ilu, wanda ya shekara ashirin yana yi mata gorin tana ɓata shafi goma a kan bayanin ƙofa ɗaya. Nasa ɗigo bakwai ɗin sun daɗe da ƙarewa a yawon taro.

"Hajiya, mutumin littafina ya isa bakin teku ya tsaya. Shekara uku na kasa matsar da shi."

"Tafiya bakwai, Malam, ba ka ga teku ba?"

"Na hango shi ta tagar otal, ina gyaran jawabi."

Baƙar magana har ta zo mata baki, sai ta ga yana jan hannun riga yana rufe duhun wuyan hannunsa. Ta buɗe sabon shafi.

"Ka dai san halina. Shafi goma zan kawo maka."

"Ki yi ashirin," in ji shi. "Kada ki bar komai."