Fayilolin da Suka Ƙi Wucewa

Fayil ɗin farko ya kai rabi, ya tsaya, ya koma layi. Injiniya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake duban allon. Koren rubutun bai canza ba. Fayilolin suna nan jere a layin jiran bugawa, yadda ya bar su jiya.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Firintar reshe ta mutu, shi ya sa takardun fitar da kaya suka taru a cikin uwar garke, baƙar na'urar nan da ke gurnani a kusurwar ɗakin. Abin da ya rage kawai a tura su ta waya zuwa ga 'yar'uwarta da ke hedkwata, a buga su can, direbobi su karɓa su yi lodi. Tun gashinsa yana baƙi yake wannan aiki, ko ido rufe zai iya. Amma ga shi abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ya bi komai daki-daki. Adireshin na'urar can daidai yake. Sunan layin da za a zuba fayilolin ma daidai. Ya kashe shirin aikawa ya sake tayar da shi. Ya tura ɗan saƙon gwaji, na'urar hedkwata ta amsa nan take, saurin har ya ba shi mamaki. Ya saki fayil. Ya fara tafiya, ya kai rabi, hanya ta yanke.

Kwanan watan fayilolin ma a birkice yake, ya koma shekarun baya. Ya sa a ransa zai gyara agogon na'urar in ya samu kansa.

Direbobin ne ke cin ransa. Yana ganinsu a zuci, kwance a ƙarƙashin manyan motoci suna fifita da hula, suna tsine wa na'ura da mai kula da ita. Ga shi an yi ta rage ma'aikata har sashen ya zama shi kaɗai, ko ƙarar tarho ba a ji. Ya san inda ake fara sara in an tashi sallama: kan tsofaffi. Wa zai ɗauki irinsa? Ga iyali, ga yarinyarsa da ko firamare ba ta gama ba.

Shugabar sashe ta shigo da shayi, kamar kullum. Mace ce mai sanyin magana, idanunta kamar na wadda barci bai ishe ta ba. Ya yunƙura ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Ranki ya daɗe, a ƙara mini lokaci. Yau in Allah ya yarda za su wuce."

Ta ce ya zauna, hedkwata sun san halin da ake ciki, babu wanda ya ga laifinsa. Ta tsaya a kansa sai da ya haɗiye ƙwayoyin maganin da ta zo da su a gefen faranti, har ta kai hannu ta gyara masa wuyan riga. Bai ji daɗin hakan ba, shugaba ai da ɗan ja baya aka san ta. Ya dai roƙe ta in aikin ya kammala ta bar shi ya leƙa gida, don ya manta rabonsa da iyalinsa.

Ta kawar da kai ta ce, "In sun wuce."

Bayan fitarta ya gwada ta hanyar da ya sani, ya gwada ta wadda ya kusa mantawa. Ya rage girman fayil, ya canza layi. Duk ɗaya. Daga ƙarshe ya yanke cewa ba a na'ura matsalar take ba, a waya take, kuma babu mai duba masa sai shi.

Ya saki fayil, ya tashi ya kama bin wayar da hannu. Ta bi jikin bango, ta fita ta saman ƙofa, ta shiga wani siririn lungu mai ƙamshin soyayyar albasa. Takalma barbaje a ƙasa, tawul a rataye. Ya girgiza kai, ofis ya lalace.

Wayar ta shige wani ɗaki da aka bar ƙofarsa a sakaye. Ya leƙa. Gado, madubi, akwatunan kaya, a tsakaninsu kuma wata baƙar na'ura irin tasa sak tana gurnani. Shugabar sashe na durƙushe a bayanta. A gabansa ta zare wayar.

Wata tsohuwa da ke zaune a bakin gadon ta share ido da gefen mayafi. "'Yar nan, ki bar masa su wuce ko sau ɗaya. Tausayi yake ba ni."

"Umma, ranar da na bari suka wuce ai kin gani. Ya ce ya tashi aiki, ya ɗauki jaka ya fita neman gidansa, muka yi ta bin tituna kamar mahaukata. Gara Baba ya yi ta ce mini ranki ya daɗe har ƙarshen ransa, in dai yana cikin gidan nan."